Lubeck: sun iya gini, amma sun iya girki kuwa?

Dan_Fagge_HH:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ƙorafi a kan Jamusawa, kuma ina so waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan su warware min. Ranar Asabar na shiga jirgin ƙasa daga Hamburg zuwa Lubeck, tafiyar kamar minti 45. Gini dai tubarkalla. Tun daga tasha kana miƙewa za ka ci karo da wata ƙatuwar ƙofar gari mai hasumiya biyu, a bayanta coci-coci sun soke sama, komai jan bulo. Amma da yunwa ta taso na tambayi abincin gargajiyar garin, kowa sai ya nuna min shagon alawa, wai marzipan. Yanzu fisabilillahi, garin da ya haura shekara 800 a ce abin tutiyarsa alawa ce? Mutanen da suka iya ɗora bulo haka sun kasa ɗora tukunya? Ni dai na ce sun iya gini, ba su iya girki ba. Mai ja ya fito.

Anti_Bremen:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, wata nawa ka yi a Jamus da har ka fara yanke wa mutane hukunci? 😂

Dan_Fagge_HH:
Anti, ai ba sai na shekara goma ba. Ciki ba ya ƙarya.

MaiGini_Zazzau:
Bari in fara da ginin tunda nan ne fannina. Ƙofar da ka gani Holstentor ce, an gina ta tsakanin 1464 da 1478. In ka lura da kyau ba a miƙe take ba, hasumiyoyin sun ɗan sunkuya suna kallon juna, tsakiyar kuma ta lotsa. Dalili shi ne a kan fadama aka kafa ta, ga nauyi, don katangar da ke fuskantar waje kaurinta ya kai mita uku da rabi a wasu wurare. A hankali ƙasa ta riƙa shanye ta, sai a shekarun 1930 aka tsayar da nutsewar.

Jan bulon kuma ba ado ba ne, dole ce. Arewacin Jamus shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, babu dutsen sassaƙa irin wanda mutanen Faransa suka gina manyan cocinsu da shi. Abin da suke da shi laka ce, sai suka ƙona ta. Tun asali gidajen katako ne a garin, gobara ta cinye su har sau biyu a ƙarni na 13, shi ne mahukunta suka ce a koma bulo. Abin da ya fi burge ni cocin Marienkirche. Daga ƙasa zuwa rufin cikinta mita 38 da rabi, babu wani rufin baka na bulo a duniya da ya kai shi tsawo, hasumiyoyinta kuma sun kusa mita 125. Ku tuna ba siminti, ba rodi, ba injin ɗaga kaya irin na yau. Fatake ne suka gina ta da kuɗinsu, kusa da majalisar gari da kasuwa, don su nuna wa babban limamin kirista da ke can ƙarshen gari da tasa cocin cewa su ma sun isa.

Dogo_Kiel:
Malam MaiGini ya buɗe aji. Ni abin da na sani hoton ƙofar nan yana jikin tsohuwar takardar Mark 50, kuma yana bayan wani kwabon Yuro 2 na 2006. Ku duba canjinku.

Ummu_Nana:
Ni tambayar Dan_Fagge ce ta dame ni, don wata mai zuwa za mu kai yara. Me mutum zai ci a can wanda ba alade? Kada a kai ni in wuni da biskit a jaka.

Anti_Bremen:
Maman Nana kwantar da hankalinki. Garin bakin ruwa ne, kifi ne abincinsu tun fil azal. Ki nemi Fischbrötchen, ɗan burodi ne da ake tsagawa a sa kifi da albasa. Akwai mai soyayyen kifi, shi yara za su fi so. Akwai mai Matjes, wato kifi shawa da aka jiƙa a ruwan gishiri, ba a dafa shi ba, sai wanda ya saba. Abu ɗaya za ki kiyaye: duk inda kika ga kalmar Speck a takardar abinci, kitsen alade ne, kuma suna barbaɗa shi har a kan kifi da soyayyen dankali. Ki tambaya kafin a kawo. Abincin sanyinsu na ganyen Grünkohl kuwa ki manta da shi kawai, da alade ake dafa shi.

Shi kuma ƙanena mai cewa ba su da girki, ka ci Labskaus?

Dan_Fagge_HH:
Na ga hotonsa a ƙofar wani gidan abinci, Anti. Na ce a'uzubillahi na wuce.

Anti_Bremen:
To ai ka ga matsalar. Da ido ka ci. Naman sa ne mai gishiri ake kirɓawa da dankalin turawa da albasa da wata jar saiwa da suke kira Rote Bete, ita ke ba shi wannan launin. A ɗora soyayyen ƙwai a sama, a ajiye kokwamba mai tsami da naɗaɗɗen kifi a gefe. Abincin matuƙa jirgin ruwa ne. Mutumin da zai yi watanni a teku ba firji, abin da ba ya lalacewa shi zai ɗauka. Ban ce ya kai miyar taushe ba, amma girki ne, kuma yana riƙe ciki.

Abu_Sumayya:
Naman san nan wa ya yanka shi?

Dogo_Kiel:
An zo wurin.

Abu_Sumayya:
Tambaya ce ta gaskiya, Dogo. Ana ta cewa ba alade ba alade, kamar shi kaɗai ne matsala.

Sarkin_Zaure:
Malam Abu Sumayya, tambayarka a kan hanya take, amma mun yi wannan muhawarar ta yankan Ahlul Kitabi a zauren nan har aka kwana ana ja, kowa da malamin da yake bi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya a kan kifi. Mu koma Lubeck don Allah.

Malam_Na_Tarihi:
Ni ina ganin Dan_Fagge ya raba abin da ba ya rabuwa. Yana cewa gini daban, abinci daban, alhali abincin ne ya gina garin. Da ka wuce ƙofar nan, ka ga wasu tsofaffin gidaje guda shida jere a bakin kogin Trave, sun jingina da juna? Rumbunan gishiri ne. Gishirin daga garin Lüneburg ake kawo shi, da farko a kan amalanke, daga baya suka haƙa magudanar ruwa ta Stecknitz wadda aka gama a 1398, aka koma kwale-kwale. Daga Lubeck a loda shi a jirgi zuwa gaɓar Skane, kudancin Suwidin na yanzu, inda shawa ke taruwa duk shekara. A gyara kifin, a zuba gishiri, a danna a ganga, a dawo da shi a rarraba Turai.

Me ya sa kasuwar ta yi ƙarfi haka? Saboda kiristocin wancan zamani suna da ranakun azumi masu yawa a shekara da ba a cin nama, har da kowace Juma'a da kwana arba'in kafin Ista. Kifi ake ci. Wanda ke riƙe da gishiri da jirgi shi ke riƙe da cikin mutane. Da wannan ribar, da ta fatu da kakin zuma daga Rasha, da yadi daga Flanders (yankin Beljiyam na yanzu), aka ƙona bulon da ya ba ka sha'awa. A 1226 sarkin sarakunan Jamus na lokacin ya ba garin 'yancin kansa, ba ya ƙarƙashin wani hakimi, daga nan ya zama uwa ga ƙungiyar garuruwan fatake da ake kira Hansa. A Lubeck suke yin babban taronsu, na ƙarshe a 1669. Saboda haka wannan ɗan kifin da Anti ta Bremen ta ce a sa a burodi, shi ne abincin gargajiyar da kake nema.

Yar_Agadas:
Malam, kana wannan bayani ni kuwa gida nake gani. Kakanninmu haka suka yi, sai dai raƙumi ne a madadin jirgi. Ayari ya tashi daga Abzin bayan damina, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da gero, ya dawo da kantun gishiri da dabino, ya gangara Damagaram da Kano. Har yau ana yi, ko da yake motoci sun rage shi sosai.

Malam_Na_Tarihi:
Ƙwarai kuwa 'yar uwa. Kuma Baturen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ɗan Hamburg ne, maƙwabcin Lubeck. Ya shiga Agadas a 1850, ya biyo ayarin gishiri zuwa kudu, ya iso Kano a farkon 1851. Ɗan garin fatake ne, shi ya sa da ya shiga kasuwar Kano hankalinsa ya tafi kan lissafin yadi da goro da gishiri.

Kwankwaso_Ba_Siyasa:
Ku yi haƙuri in ɓata muku shagali. Duk wannan tsufan da ake ta yabo, ba an ragargaza garin a yaƙin duniya na biyu ba? Abin da kuke ɗauka hoto ai sabon gini ne aka shafa masa tsufa don 'yan yawon buɗe ido. Jabu ne.

MaiGini_Zazzau:
Ba haka ba ne gaba ɗaya. Jiragen Birtaniya sun kai hari daren 28 ga Maris 1942, wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsohon garin ya ƙone, har da manyan coci uku. Sauran kashi huɗun suna nan. Holstentor ba a taɓa ta ba. Heiligen-Geist-Hospital, gidan kula da marasa lafiya da tsofaffi da aka gama a 1286, yana nan da ƙafarsa, har ƙananan ɗakunan katakon da tsofaffi suka zauna a ciki za ka gani. Ita Marienkirche rufinta da kan hasumiyoyinta ne suka tafi, katangun sun tsaya, a kansu aka mayar da gini. Kuma ba su ɓoye ba. Ƙararrawa biyu da suka faɗo a daren nan suna nan a farfashe inda suka faɗa, sun fasa daɓen, an bar su haka kowa ya gani. Mai son yaudara ba ya barin shaida irin wannan.

Kwankwaso_Ba_Siyasa:
To labarin mai zanen nan fa? Ko shi ma ƙarya nake?

Malam_Na_Tarihi:
A nan kam yana da gaskiya. Lokacin gyaran cocin bayan yaƙi an ɗauki wani mai zane, Lothar Malskat, don ya farfaɗo da tsofaffin zanen bango da wuta ta tono. Inda babu abin farfaɗowa sai ya zana nasa, aka ce na ƙarni na 13 ne. A 1951 aka yi bikin cikar cocin shekara 700, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma na lokacin, Adenauer, ya halarta, masana suka yi ta yabo, har kan sarki aka buga da hoton zanen. A 1952 mutumin da kansa ya fito ya ce ni na zana, da farko ma aka ƙi yarda da shi. Ƙarshe kotu ta ɗaure shi, aka kankare zanen jabun. Amma malam, jabun zane a bango ɗaya bai mayar da gari duka jabu ba.

Yar_Agadas:
Ni wannan maganar ta jabu ba na gane ta. Hasumiyar masallacinmu ta ƙasa ce, mita 27, tun ƙarni na 16, an sake ɗaga ta a ƙarni na 19, kuma kullum cikin yaɓe take. Itatuwan da suka fito a jikinta ma don magina su taka ne. In ana bin ƙasar da ke jikinta yau, ba ita ce ta farko ba. Amma wa zai ce ba ita ba ce? UNESCO ta sa Agadas a jerinta a 2013, Lubeck a 1987. Ginin da aka daina taɓawa shi ne yake mutuwa.

Kwankwaso_Ba_Siyasa:
Yaɓe daban, a share fili a sake zana gida daban. Ku je unguwar da ke ƙasan Marienkirche ku ga sababbin gidajen da aka jera kwanan nan masu kwaikwayon na da. Ni ban gamsu ba.

MaiGini_Zazzau:
Na gan su. Ba su ce tsofaffi ne ba, sun bi faɗin filayen da da tsarin goshin gidajen ne kawai, mai hawa-hawa kamar matakala. Ana iya ja a kan kyansu, ni ma wasu ba su yi min ba.

Bakano_A_Berlin:
Ni duk wannan zancen ciwo yake sa min. Mutane na gardama ko gyaran da suka yi ya yi daidai, mu kuwa badala ana ɗibar ƙasarta ana gina shaguna a kanta. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ta girmi Holstentor da ɗaruruwan shekaru.

MaiGini_Zazzau:
Kada ka ɗauka su waliyyai ne, Bakano. A ƙarni na 19 su ma rushe ƙofofinsu suka yi ta yi don a samu hanya. Holstentor jerin ƙofofi huɗu ce a da, uku sun tafi. Wadda ta rage ma a 1863 sai da majalisar gari ta kaɗa ƙuri'a a kan a rushe ko a gyara, masu cewa a gyara suka yi rinjaye da ƙuri'a ɗaya tak. Da mutum ɗaya ya yi zazzaɓi ranar nan, da Dan_Fagge bai ga abin ɗauka hoto ba. Bambancin shi ne yanzu akwai doka mai haƙori. In gidanka na cikin jerin kayan tarihi, ko taga ba ka isa ka canja ba sai da izini, kuma akwai gidauniyoyin attajiran garin da ke zuba kuɗi a gyara.

Bakano_A_Berlin:
Gidauniyar attajirai. To Allah ya sa namu su ji.

Hajiya_Zongo:
Kun tafi yaƙi da siyasa kun bar alawar da aka fara magana a kanta. Ni 'yata ta aiko min da ita Kumasi, na ci, na ce wannan ai dakuwa ce ta je makaranta. Me ake sawa a ciki?

Anti_Bremen:
Hajiya kin kashe ni da dariya. Almon ne ake jiƙawa a ɓare, a niƙa da sukari, a ɗan gasa a kan wuta, wasu su ɗiga ruwan wardi. Shi ke nan. Inda aka bambanta shi ne yawan sukarin da ake ƙarawa daga baya. Kafin a rubuta Lübecker Marzipan a kwali dole a Lubeck ko kewayenta aka yi shi, kuma ƙarin sukarin kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Mai daraja ta sama kashi 10 ne kawai. Shi ya sa na arha a kanti yake kashe baki da zaƙi, na can kuwa almon kake ji. Fitaccen shagon, Niederegger, tun 1806 yake, yana fuskantar majalisar gari, a sama akwai ɗan gidan tarihi da mutum-mutumi na alawa masu girman mutum.

Maman Nana, ke da Abu Sumayya ku riƙa juya kwali kuna karantawa, ko na wane kamfani ne. Wasu nau'o'in ana sa musu giya, za ku ga an rubuta Alkohol ko Rum.

Dogo_Kiel:
Mai yi mana jagora ya ce a lokacin wata yunwa a 1407 aka ƙirƙiro ta, wai fulawa ta ƙare sai almon da sukari suka rage a rumbu, aka yi burodi da su.

Malam_Na_Tarihi:
Tatsuniya ce, Dogo. A 1407 sukari kayan masu sarauta ne, a shagon magani ake sayar da shi kaɗan-kaɗan. Garin da ya rasa hatsi ba zai samu sukarin ciyar da talakawa ba. Almon ma ba ya fita a Lubeck, sanyi ya yi yawa, daga ƙasashen Bahar Rum ake kawo shi. Ita kanta alawar daga gabas ta taso, ƙasashen Farisa da Larabawa, ta shigo Turai ta Andalus da Benis. Sai da aka fara yin sukari daga wata saiwa mai zaƙi da ake nomawa a Turai a ƙarni na 19 ta sauko inda talaka zai iya saya.

Dan_Fagge_HH:
To kun gani! Malam da bakinsa ya ce alawar ma aro ce. Gishiri na Lüneburg, kifi na Suwidin, almon na Larabawa. Me ya rage nasu? Maganata tana nan.

Malam_Na_Tarihi:
Garin fatake ke nan, ɗana. Gwanintarsa sanin inda abu yake da inda ake nemansa. Har jan giyar da suke tutiya da ita, Rotspon, daga Faransa ake kawo ta a ganga ta kwanta a rumbunansu. Kai da kake Bafagge, goron da ake rabawa a ɗaurin aurenku a Fagge yake tsirowa?

Hajiya_Zongo:
Daga wajenmu yake zuwa, a gaya masa.

Dan_Fagge_HH:
Goro ba abinci ba ne, Baba Malam. Ni tukunya nake magana. Har yanzu ba wanda ya kawo min miya.

Ummu_Nana:
Ni dai na samu abin da nake nema, kifi da karanta kwali. Wani abu kuma, keken jariri zai shiga lungunan nan da ake faɗa? Na ga hotonsu, sun yi kyau.

MaiGini_Zazzau:
Wasu zai shiga, wasu sai kin naɗe shi, ke ma sai kin sunkuya. Tsohon garin tsibiri ne, ruwa ta ko'ina, ba wurin faɗaɗawa. Da mutane suka yi yawa sai masu gida suka huda hanya ta cikin gidajensu na gaba, suka jera ƙananan ɗakuna a bayan gida suna ba 'yan dako da ma'aikatan jirgi haya. Ana cewa sharaɗin kawai shi ne lungun ya isa a fito da akwatin gawa. Wajen 90 ne suka rage. A da wurin talauci ne da cunkoso, yanzu an gyara an shuka furanni, haya ta yi tsada. Akwai kuma irin su Füchtingshof, wanda wani attajiri ya yi wasiyya aka gina wa matan da mazansu fatake da matuƙa jirgi suka mutu. Ki tuna mutane na zaune a ciki, a ja wa yara kunne kada su leƙa tagogi.

Anti_Bremen:
Kuma ki sa musu takalmi mai kauri, titunan dutse ne. In rana ta yi kyau ku ƙarasa Travemünde bakin teku, jirgin ƙasa na zuwa, kifin can ya fi sabo.

Dogo_Kiel:
Tunda abin ya zama haka, mu haɗu mu je gaba ɗaya mana. A kai Dan_Fagge gidan matuƙa jirgin nan, Schiffergesellschaft, wanda ke nan tun 1535, mai dogayen bencina, a ajiye masa Labskaus a gabansa a ɗauki bidiyo.

Abu_Sumayya:
In za a je ni kifi zan ci. Kuma a duba inda za a yi sallar azahar kafin a sa lokaci.

Dan_Fagge_HH:
Zan zo, amma da yajina a aljihu, kuma wanda ya kawo shawarar shi zai biya.

Dogo_Kiel:
Asabar ko Lahadi? Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, ni kuma Asabar ta farkon wata ina aiki.